Malam Younoussa Mahamane Tasawa da Amanar Jita Mai Tsirkiya Bakwai

Haihuwa da asali

An haifi Malam Younoussa Mahamane a shekarar 1947 Miladiyya, daidai da 1366 Hijiriyya, a garin Tasawa ta ƙasar Nijar. Mahaifinsa, Mahamane Ɗantala, masassaƙi ne da aka sani da turame da akusa da allunan karatu. Mahaifiyarsa kuwa, Sakinatou, 'yar wani fatakin kanwa ce daga Gazawa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne ya gaji hannun uban wajen sanin itace. Waɗanda suka san ƙuruciyarsa sun haɗu a kan cewa yaro ne mai yawan zullumi, wanda idan an aike shi da ƙwarya sai ya tsaya sau uku a hanya yana duba ko ta tsage. Wannan hali bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Karatu da koyon sana'a

Yana da shekara shida aka sa shi makarantar allo, inda ya kai izu ashirin kafin a ɗebe shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1955, ba da son ran mahaifinsa ba. Ya kammala firamare a 1961, sannan aka tura shi Maraɗi koyon gyaran manyan injuna, ya shafe shekara huɗu a can. Daga 1966 zuwa 1975 ya yi aiki a wani garejin motocin aikin hanya a birnin Yamai, inda abokan aiki suka laƙaba masa suna Sake-Dubawa, domin ba ya barin mota ta fita sai ya koma ya taɓa kowane noti da ya riga ya ɗaure da hannunsa.

Aiki a Muritaniya

A farkon shekarar 1976 ya samu aiki da wani kamfanin mutanen Brazil da ke shimfiɗa titi a hamadar Muritaniya, aka sauke shi a sansanin ma'aikata kusa da garin Aleg. A can ya haɗu da Aldenor, direban katafila daga gefen birnin Rio, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, wanda ya ƙetaro teku da jakar tufafi ɗaya da akwatin jita.

Al'adar mutanen nan ita ce, kowace Lahadi bayan an ci wake da shinkafa, sai su jera kujeru a zagaye ƙarƙashin rumfar kwano su yi kiɗa har rana ta yi sanyi. Suna kiran wannan zama roda, wato da'ira. Babu dandamali, babu takardar waƙa, babu mai roƙo: mai sarewa ne ke jan waƙa, mai ƙaramar jita da mai bandiri suna riƙe masa kiɗan. Jitar Aldenor ta fi sauran tsirkiya ɗaya, bakwai gare ta, ta bakwan mai kaurin murya. Ba ta jan waƙa. Aikinta shi ne ta bi ta ƙarƙashi, ta amsa wa mai sarewa a daidai inda ya tsaya shan iska, yadda 'yan amshi ke yi wa mawaƙi. Ana kaɗa ta da wani zoben ƙarfe mai ɗan harshe da ake sawa a babban yatsa.

A watan Mayu na wannan shekara zafin hamada ya ɗaga ɗan katakon da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai, aka rasa mai gyara. Malam Younoussa, da yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya sassaƙa matsi daga guntun itace, ya manne katakon, ya kwana uku yana leƙa shi. Ladan wannan aiki shi ne Aldenor ya jawo masa kujera kusa da tasa, ya koyar da shi na tsawon shekara uku, da kunne da ido kawai, cikin gaurayen Faransanci da Fotugis.

Daga bakin Aldenor ya ji cewa a ƙasarsu da wuya a shiga gida, na mai hali ko na talaka, ba a tarar da jita rataye a bango ba. Ya kuma ji cewa manoman karkara suna da tasu mai tsirkiya goma, kuma a arewa maso gabas mawaƙa biyu kan zauna da ita suna gasar baiti. Ya kuma ba shi labarin cewa a zamanin mahaifinsa, wanda shi ne ainihin mai wannan jita, mai yawo da ita ɗan zaman banza ake ɗaukarsa, har 'yan sanda kan kama hannun mutum su duba kan yatsunsa, in sun ga kanta sai ya kwana a caji ofis. Wannan bai ba Malam Younoussa mamaki ba, domin ya san irin kallon da ake yi wa makaɗi a Tasawa idan ya je neman aure. Abu na ƙarshe da ya koya shi ne cewa babban maƙiyin jita busasshiyar iska ce, shi ya sa Aldenor ke ajiye akwatin kusa da duron ruwa, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

A ranar Lahadi, 11 ga Maris, 1979, bayan ciwon hanta ya kwantar da Aldenor har idanunsa sun yi ɗorawa, kamfani ya yanke shawarar mayar da shi gida. Kafin a sa shi a mota ya nemi a kai shi cikin da'ira. A gaban mutum takwas ya ɗora jitar a cinyar Malam Younoussa, ya zare zoben daga yatsansa ya sa masa, ya ce: "Ka riƙe ta da kyau, ɗan'uwa." Sauran suka tafa. A makon da ya biyo baya aka raba sansanin biyu, 'yan kiɗan suka yi gabas, shi kuwa wa'adin aikinsa ya cika a watan Afrilu.

Komawa gida da ɗaukar amana

Da isarsa Tasawa, kafin ya gama gaisawa da dangi, ya nufi zauren wani malami ya yi masa tambaya: mutum ne marar lafiya, kan hanyar tafiya, ya miƙa maka kayansa gaban shaidu ya ce ka riƙe, bai furta kalmar kyauta ba, mene ne hukuncinsa? Malamin ya ce wannan ajiya ce, ba a amfani da ita sai da izinin mai ita, in an yi amfani ta lalace tana wuyan mai riƙo, in kuwa mai ita ya rasu sai a miƙa wa magadansa. Malamin ya amsa abin da aka tambaye shi. Ba a gaya masa zancen zobe ba, domin mai tambayar bai ga muhimmancinsa ba.

Daga wannan rana Malam Younoussa bai sake kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba. Ya sassauta su duka, ya naɗe zoben a ƙyalle, ya ajiye akwatin a bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi rani da damina. Kowace Jumma'a da hantsi yakan buɗe, ya goge ta, ya bi ta da ido daga wuya zuwa gindi, ya rufe. Ya aika wasiƙa zuwa adireshin da ke manne a murfin akwatin a 1980, da 1983, da 1989. Biyu suka dawo ba a buɗe ba, ɗaya ta ɓace. A daminar 1985 kyankyasai suka cinye 'yar takardar da ke cikin cikin jitar, mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera ta da shekarar ƙira, abin da ya hana shi cin abinci kwana biyu. Bai sayi wata jita tasa ba, saboda kunyar surukai, sai dai an sha ganin yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan cinyarsa idan ya yi shiru.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Malama Fassouma, 'yar wani tela a Maraɗi, a watan Disamba na 1981, ya kuma buɗe garejinsa a wannan gari. Allah ya ba su Anissa a 1983. Sai tagwaye, Alhassane da Ousseini, a 1986, Alhassane ya koma yana da shekara biyu. Sai auta a 1991, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, Sakinatou, ake kiranta Bebi. Malama Fassouma ce ta raɗa wa jitar suna Baƙuwa, tana cewa ba ta taɓa ganin baƙon da ya shekara goma a bayan randa ba, ba ya ci, ba ya magana, ba ya kuma sallama. Yaran sun tashi sun san cewa ana iya fasa tulu a gidan a sha da faɗa kawai, amma ba a jingina da akwatin Baƙuwa.

Hijira zuwa Amurka

Bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa a 1994 aikin gareji ya yi ta ja da baya, har a watan Satumba na shekarar 2000 ya bar wa wani ƙanensa wurin tare da Ousseini, ya taso Amurka da bizar ziyara. Bai ɓoye wa iyalinsa ba cewa neman abinci rabin dalili ne. Ya duba taswira ya ga Amurka da Brazil ɓangare ɗaya suke na teku, ya ƙudura cewa daga can sauke nauyi zai fi sauƙi. Ya shigo da jitar a hannunsa, babu wanda ya ce ya buɗe.

Ya sauka Greensboro wurin 'yan'uwa 'yan Nijar, ya zauna shekara biyu a wani tsohon gidan katako a gabashin gari, mai laima har bango na fure, ya kuma samu aikin gyaran motocin ɗaga kaya a wani babban sito da ke kan titin Wendover. Bizarsa ta ƙare a 2001, shekarar da komai ya tsananta ga baƙi. Tun daga nan ya zama mutumin da ke tuƙi ƙasa da ƙa'idar gudu, wanda idan ya hango fitilar 'yan sanda a madubi sai ya ƙara rage gudu ko da ba shi ake bi ba. Ya kuma gane cewa idan ya fita ƙasar da ƙafarsa ba zai sake shigowa ba, don haka Brazil ɗin da ya matso kusa da ita ta ƙara nisa.

Anissa ta zo karatun jami'a a watan Agusta na 2002, Malama Fassouma da Bebi suka biyo ta a Nuwamba, iyalin suka koma wani gidan haya na bene kusa da wurin aikinsa.

Tsagar shekarar 2003

A sabon gidan babu randa, babu kuma laima. Malam Younoussa ya dubi ƙasar da ake ruwa rani da damina, ya yanke cewa a nan bushewa ba abin tsoro ba ce, sanyi ne abin gudu. Saboda haka ya zaɓa wa Baƙuwa wuri mafi ɗumi a gidan, cikin kabad ɗin da ke jikin na'urar ɗumama ɗaki, bai san cewa iskar wannan na'ura ta fi ta Aleg bushewa ba. A ranar Jumma'a, 24 ga Janairu, 2003, ya buɗe akwatin da hantsi kamar kullum, ya tarar fuskar jitar ta tsage tsawon taƙi guda. Malama Fassouma ta ce ta same shi zaune a ƙasa, yana maimaita cewa shekara ashirin da ɗaya ya tsare ta a ƙasar ƙishirwa, ya zo ya kashe ta a ƙasar ruwa.

Wanda ya kawo ɗauki shi ne Sylvanus, abokin aikinsa a sito, ɗan asalin Kagoro, mai kaɗa jita a cocinsu. Ya ɗauke shi a motarsa zuwa garin Summerfield, can bayan gonakin dawaki, wurin wani tsohon Bature mai gyaran kayan kiɗa. Tsohon ya manne tsagar, ya koya masa sa jiƙaƙƙen soso a cikin akwati, sannan ya faɗi abubuwa biyu. Na farko, bayan jitar da gefunanta na itacen jakaranda ne na Brazil, wanda tun 1992 aka hana ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini mai nuna cewa an sare shi kafin dokar. In babu, ana iya ƙwace ta a filin jirgi ko a gidan waya. Shaidar shekarun kuwa ita ce 'yar takardar da kyankyasan Maraɗi suka cinye. Na biyu, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ce wannan jita ta daɗe ba a kaɗa ta ba, kuma jitar da ba a kaɗawa muryarta dushewa take yi. Na farkon ne kawai ya shiga kunnen Malam Younoussa.

A hanyar komawa Sylvanus ya ce: "Baba, bari in cika fom ɗin da sunana, ni ina da green card, takardar zaman ƙasa. In ce tawa ce, shi ke nan."

Ya ce: "Ɗana, ba taka ba ce, ba tawa ba ce. Ni ba papiye, ita ma ba takarda. In na ɗora ƙarya a kan amana, da wane baki zan yi bayani gobe?"

Haka aka dawo da ita gida, gaba kura baya sayaki: ba ta aikuwa, mai riƙonta ba ya fituwa, mai ita kuma ba a san ko yana raye ba.

Rashin lafiya da neman magada

A shekarar 2005 likita ya tabbatar masa da ciwon suga da ya riga ya taɓa ƙoda, kan yatsunsa kuma suka fara mutuwa, har yakan riƙe sifana bai ji ta ba. Bai ji tsoron mutuwa kamar yadda ya ji tsoron mutuwa da kayan wani a ɗakinsa ba, ya kuma faɗi haka a fili ga duk wanda ya zo duba shi. Yakan ce idan aka tsayar da shi aka ce ina ajiyar bawan Allah Aldenor, ba shi da amsa sai dai ya ce tana kabad a Wendover, da tabo a fuska.

Anissa ce ta ɗauki nauyin nema. Ta shafe fiye da shekara tana rubuta sunan Aldenor da na Aleg a wani dandalin intanet da 'yan Brazil suka fi yawa a cikinsa, tana samun amsoshin da ba su da kai. A watan Fabrairu na 2007 wata mata mai suna Jussara, malamar firamare a gefen Rio, ta rubuto cewa ita 'yar Aldenor ce, kuma mahaifinta ya rasu a 1998. Ba ta tambayi inda jitar take ba, ba ta kuma nemi a mayar ba. Tambayarta ɗaya ce: wane kiɗa Yunusa ya fi so ya yi da ita yanzu?

Wannan tambaya ta fi tsagar tayar masa da hankali, domin ya fara zargin abin da ke bayanta. Wata huɗu yana cewa Anissa ta dakata, sai ya ji sauƙi, sai bayan Maulidi, sai ya tuno Fotugis ɗinsa. Daga ƙarshe Malama Fassouma ta ce masa: "Malam, shekara ashirin da takwas kana neman ƙofar gidan nan. Yau an buɗe, ka tsaya kana gyaran hula?"

Wayar watan Yuni

An yi wayar a ranar Asabar, 9 ga Yuni, 2007, da rana. Jussara ta ba shi labari cewa mahaifinta ya warke, ya rayu shekara goma sha tara bayan Muritaniya, sai dai jinyar ta sa sun bar tsohon gidansu, shi ya sa wasiƙu ba su same shi ba. Bai sake sayen jita mai tsirkiya bakwai ba. Bandiri ya koma bugawa a da'irar unguwarsu. Duk wanda ya tambaye shi ina jitar mahaifinsa, sai ya nuna gabas da haɓa ya ce tana aiki a Afirka, kuma kowace Lahadi idan an zauna yakan ce war haka Yunusa ma ya ɗaure tsirkiya. Ta bayyana masa cewa a da'irar su Aldenor, idan malami ya zare zobensa ya sa wa almajirinsa a gaban jama'a, to ya ba shi kujerarsa ke nan har abada, kuma tafin da aka yi na murnar sabon mai kujera ne. Abin da ake nema ga wanda aka ba, kada kujerar ta yi shiru.

Anissa ta shaida cewa sai ya ce: "'Yata, ban kaɗa ta ba. Ko sau ɗaya."

Aka ji kukan Jussara ta cikin waya. Da ta iya magana sai ta ce: "Gara da bai sani ba."

Bayan an ajiye waya ya dubi matarsa ya ce: "Fassouma, akwatin na yi ta gadi. Amanar kuwa ina ji ina gani na bar ta da yunwa." Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu, amma wannan bai zame masa uzuri a wurin kansa ba, ya ɗauki nauyin ya ƙara a kan na da.

Ramuwa

Bayan mako uku Jussara ta aiko da faifan da aka naɗa a da'irarsu a 1996. Akwai sarewa, akwai ƙaramar jita, akwai bandirin Aldenor da tarinsa, amma duk inda mai sarewa ya tsaya shan iska babu mai amsawa. Malam Younoussa ya ƙudura cewa ba zai mutu ba, in Allah ya yarda, sai ya cike gurbin nan ko da a waƙa ɗaya, mutanen Aldenor suna ji.

Ya bar aiki a watan Agusta saboda jiki, ya sa tsohon Summerfield ya ɗaura sabbin tsirkiyoyi, ya shiga kaɗawa kullum tsakanin azahar da la'asar, kamar mai ramuwar azumi. Watannin farko babu abin da ya fito sai ƙara marar daɗi. Kansa na tune da hanya, yatsun ba sa jin inda suka sauka. Tsirkiyar ƙarfe ta yayyanka su, likita ya gargaɗe shi cewa miki a hannun mai suga ba abin wasa ba ne, Malama Fassouma ta ɓoye zoben na kwana huɗu, sannan ta fito da shi da kanta da ta ga ya daina cin abinci. Sylvanus kan zo kowace Lahadi bayan coci ya ja masa waƙar a hankali, yana cewa: "Baba, manta da speed, mu dai mu kai ƙarshe tare." Sau da yawa ba sa kaiwa.

Maganar ta fita cikin jama'a, kamar yadda ba ta rasa fita a gidan bene. Alhaji Sale, dattijon ƙungiyar 'yan Nijar na garin, ya zo takanas ya ce masa: "Malam, a waɗannan shekaru, ga ciwo, ai tasbaha ta fi dacewa da hannun nan."

Ya ce: "Alhaji, gaskiya ka faɗa. Kaya ne a kaina. Ka yi mini addu'a in sauke kafin a kira ni."

A watan Yuli na 2008 aka fara yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, ranakun kaɗawa suka ragu zuwa huɗu, kowa a gidan kuma ya shiga ƙirga kwanaki a zuci ba tare da ya faɗa wa ɗan'uwansa ba. Sau biyu aka sa rana da Jussara, sau biyu aka ɗage saboda yana asibiti.

A ranar Lahadi, 19 ga Oktoba, 2008, da ƙarfe uku na rana, aka kunna faifan a falo, Anissa ta ajiye waya a kan kujera kusa da jitar, can kuma mutanen da'ira sun taru a tsakar gidan Jussara suna saurare. Ya yi kuskure sau biyu a farkon waƙar, gumi ya jiƙa masa riga, Malama Fassouma ta tashi ta shiga kicin don ba za ta iya kallo ba. Daga nan hannun ya kama hanya, ya amsa wa sarewa gurbi bayan gurbi har bandirin Aldenor ya rufe waƙar. Sai muryar wani tsoho ta kira sunansa ta cikin waya. Mai sarewar Aleg ne, ya ce ya gane hannun, kuma an zauna a kujerar.

Nan take, a gaban iyalinsa da Alhaji Sale, wanda aka gayyato domin shaida, ya zare zoben ya sa wa Sylvanus, ya ce: "Ku ji da kyau, kada a sake irin tawa. Ba ajiya ba ce. Na ba shi halak malak. Sylvanus, in ka bar ta a rufe Lahadi ɗaya, ban yafe ba."

Sylvanus ya ce: "Baba, ka san a coci nake kiɗa fa."

Ya ce: "Ka kaɗa ta inda za a ji ta."

Rasuwa da jana'iza

Malam Younoussa Mahamane ya rasu a asibiti a Greensboro ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba, 2008, daidai da 15 ga Zulƙida, 1429, da misalin ƙarfe goma na safe, yana da shekara sittin da ɗaya. Tun daga ranar da ya sauke jitar tasbaha ce a hannunsa, kamar yadda Alhaji Sale ya ba shi shawara. Alhaji Sale ne ya jagoranci wankansa, ya kuma faɗa daga baya cewa da ya kama hannun hagu sai ya ji kanta mai tauri a kan yatsu huɗu, ya tsaya ya daɗe yana riƙe da hannun kafin ya iya ci gaba. An yi masa salla washegari bayan Jumma'a, aka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke wajen gari, a gaban 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Ghana, da wasu 'yan cocin Sylvanus da suka tsaya daga gefe har aka gama.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Fassouma, da 'ya'ya uku: Anissa, ma'aikaciyar jinya a Greensboro, Ousseini, mai gareji a Maraɗi, wanda rabonsa da ganin mahaifinsa shekara takwas kuma bai samu zuwa jana'iza ba, da Sakinatou, wadda ake kira Bebi, ɗaliba, sai jikoki biyu a Maraɗi. Allah ya gafarta masa, ya karɓi abin da ya sauke, ya yafe masa abin da ya jahilta.

Jitar tana gidan Sylvanus a gabashin gari, da tabonta da jiƙaƙƙen sosonta, har yau ba ta da takarda. Kowace Lahadi bayan la'asar Malama Fassouma kan kira shi a waya. Ba ta doguwar gaisuwa, sai ta ce ya matso da wayar kusa da Baƙuwa, kuma ba ta ajiyewa sai ta ji tsirkiya ta bakwai ta amsa.